Later, latter, latest, last: inda Ingilishi ke rikita mai lissafin lokaci a Damagaram

Kundin sake gina ƙasa na Nijar da ya fito a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Dama can Ingilishi ba baƙo ba ne a Damagaram. Ana koyar da shi tun daga sizyam, ajin farko na kwaleji, yana fitowa a jarrabawar BEPC da BAC, ɗaliban Jami'ar André Salifou na cin karo da shi a takardun neman gurbin karatu a waje, ɗan kasuwar Dole kuma da shi yake ciniki ta WhatsApp da mai turo masa kaya daga Dubai ko Sin. Kusan duk waɗannan mutane sun taɓa haddace jadawalin nan na kwaleji, wanda mushe ke rubutawa a allo da sunan comparatif da superlatif: tall, taller, tallest. Jadawalin na aiki lafiya lau muddin tsawon mutum ko girman gida ake aunawa. Da an shigo maganar lokaci, wato wa ya riga wa, wa ya makara, wane ne na ƙarshe, sai ya fara ɗingishi.

Abin da nake gani shi ne, yawancin tuntuɓen da muke yi a nan ba daga Ingilishin kansa yake ba, daga hanyar da muke bi zuwa gare shi ne. Ɗan Kano daga Hausa yake tsallakawa kai tsaye. Mu kuwa sai mun ya da zango a Faransanci tukuna, kuma akwai wurare da dama da Faransanci ya haɗe abu biyu a kalma guda, alhali Hausa da Ingilishi duk sun raba su.

Hausa ba ta taɓa jikin kalma idan za ta fifita wani abu. Aikatau take ɗaukowa: azumin bazara ya fi na sanyi wahala, Ladi ta fi Hadiza daɗewa a garin nan. In abu ya kere sa'a, sai mu ce ya fi duka, ko mu sa “mafi”. Ga maganar lokaci ma muna da aikatau na musamman, riga: ya riga ni isowa. Faransanci shi kuma “plus” yake ajiyewa a gaba, “que” a baya, kusan ko'ina: plus tôt que, plus tard que. Ingilishi ne ke da hanya biyu. Gajerun kalmomi ana manna musu ɗafa-ƙeya, -er don fifiko tsakanin biyu, -est don wanda ya fi kowa: soon, sooner, soonest, long, longer, longest, short, shorter, shortest. Dogaye kuwa ba a taɓa su, sai a sa more ko most a gabansu: more recent, most recent, more frequent, most frequent, more punctual. Masu bayyana yadda aka yi aiki da ke ƙarewa da -ly su ma more suke ɗauka: more recently, more quickly. Often ma a bakin yawancin mutanen yau more often ce.

Daga nan kurakurai biyu ke fitowa, kuma duk malamin da ya taɓa gyaran takardun ƴan turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, ya san su. Na farko “more earlier” ko “more later”. Yaro ya san -er, amma kunnensa ya saba da “plus”, sai ya ga kamar jimla ba ta cika ba in babu wani abu a gaba, ya haɗa biyun. Ɗaya ake ɗauka, ba biyu ba. Na biyu “earlier that”, domin ƙamus ya ce masa “que” shi ne that. A kwatance than ake cewa: “She arrived earlier than me.” A kuma kula da then, wadda ke nufin sa'an nan. Asalinsu kalma ɗaya ce, daga baya rubutu ya raba su, shi ya sa har ƴan Ingila da Amurka kan sa ɗaya a gurbin ɗaya a intanet. Wannan ba hujja ba ce a gaban mai gyaran jarrabawa.

Early tana ƙarewa da -ly, amma ba ta bin quickly. Earlier, earliest ake cewa, y ta koma i, kamar happy da happier. Longer kuma matsalarta a baki take: a long ba a jin g ɗin ƙarshe, hanci ne kawai ke aiki, amma a longer da longest g na fitowa sarai, “longa”, “longest”. Haka younger da stronger. Wannan ke nan game da ƙa'ida, kuma mako ɗaya ya isa a riƙe ta.

Gizo a kan late yake saƙa. Kalma ɗaya ce amma tana da ƴaƴa huɗu: later da latter, latest da last. A tsohon Ingilishi, na sama da shekara dubu da suka wuce, kalmar læt tana nufin mai nawa, mai jinkiri. Sigar fifikonta ita ce ta zama latter, sigar ƙolinta kuma, wato ta wanda ya fi kowa, ta lanƙwashe a baki har ta zama last. Da waɗannan biyu suka yi nisa da uwarsu a furuci, sai masu harshen suka koma ga later da latest, waɗanda kowa ke ganin late a jikinsu. Tsofaffin ba su mutu ba. Lamarin ya zama kamar Birni da Sabon Gari: gari ya faɗaɗa, an gina sabuwar unguwa, amma ba a rushe tsohuwar ba, kowace ta riƙe mutanenta da sana'arta. Later da latest suka riƙe agogo da kalanda, latter da last suka riƙe jeri, wato wa ke gaba, wa ke baya a layi.

Later, ana furta ta “leita”, ita ce daga baya, an jima, plus tard. “The capital moved to Niamey in 1926, and independence came 34 years later.” An mai da babban birni Yamai a 1926, ƴancin kai ya zo bayan shekara 34. Latter, ana furta ta “lata” da gajeren wasali, ba ruwanta da agogo. Idan an ambaci abu biyu, na farkon shi ne the former, na biyun the latter: “Zinder and Agadez both have sultans, the former is in the south, the latter in the north.” Harshen takarda ne, ba kasafai za ka ji shi a hira ba, amma rubutun jarrabawa da na jarida cike suke da shi. Masu rubuta “see you latter” a WhatsApp suna da yawa ƙwarai, kuma t ɗaya ce ta yi musu yawa.

Latest da last su ne suka fi cin mutane a nan, kuma Faransanci ne sila. “Dernier” na ɗauke da ma'ana biyu: les dernières nouvelles, labaran da suka shigo yanzu, da le dernier jour, ranar da babu wata bayanta. Wanda ya bi ta nan zai ce last ga duka biyun. Amma Bahaushe bai taɓa haɗa su ba. Muna da “na baya-bayan nan” ko “sabon fitowa”, muna kuma da “na ƙarshe”. Na farkon shi ne latest, na biyun last. Mai sayar da salula da ya rubuta wa abokin cinikinsa “send me the last model” ya nemi samfurin da kamfani ya rufe ƙofa a kansa, ko wanda ya rage a shago. Abin da yake nufi shi ne “the latest model”, wanda ake yayi. A tasha kuwa akasin haka ne. “The last bus” ita ce motar da in ta tashi sai gobe. “The latest bus” in ka faɗa, mai sauraro zai iya zaton sabuwar ƙira kake nema. In ka ce wa mawaƙi “your latest song” ka ce sabuwar waƙarsa. In ka ce “your last song”, mai son tsokana zai tambaye ka ko ka ji labarin ya ajiye sana'a ne.

Gaskiya iyakar ba ta miƙe sak ba, domin last ma takan nufi wanda ya gabata: last night, daren jiya, my last message, saƙona na baya. Don haka akwai wuraren da last za ta wuce ba wanda ya ɗaga gira. Amma akasin ba ya yiwuwa: latest ba ta taɓa zama “na ƙarshe, babu wani bayansa” a jeri. Ba a cewa “the latest day of Ramadan” ana nufin jajibirin salla. In kana shakka, mai da jimlar Hausa, ka ji wanne bakinka zai faɗa.

Sauran dangin late biyu, a gurguje. Lately ba a makare take nufi ba, kwanan nan take nufi: “I have not seen him lately.” Wanda ya ce “he came lately” yana son cewa ya zo a makare, ya faɗi wani abu dabam, “he came late” ake cewa. The late kuma a gaban sunan mutum marigayi ne, wanda ya riga mu gidan gaskiya. A nan ma akwai wani abin lura da ya juya: Faransanci ya raba tard da en retard, Hausa ta raba “dare ya yi” da “na makara”, Ingilishi ne ya haɗe su a late guda, “it is late” da “I am late”.

Wurin da wannan darasi ke taɓa aljihu shi ne wa'adi. Takardun neman aiki a ƙungiyoyin agaji, na tallafin karatu, da saƙonnin ƴan kasuwa, duk da sigar ƙoli suke yanka rana. “By Friday at the latest”, ko “no later than Friday”, na nufin Juma'a ce iyaka, in ka kawo Alhamis ma madalla. “Friday at the earliest” na nufin kada ka sa rai kafin Juma'a, kuma yana iya zarcewa Litinin ko gaba. Kalmar earliest na yaudarar mai karatu, yana ganin “da wuri” a cikinta sai ya yi murna, alhali mai kaya ƙofar jinkiri ya buɗe wa kansa. Faransanci ya ƙara dagula abin, saboda “au plus tôt” kan zo da ma'ana biyu, wani lokaci “ba kafin nan ba”, wani lokaci “da gaggawa”. A Ingilishi na biyun “as soon as possible” ne. Ka ɗauka Alhaji ya nuna wa ɗansa saƙo ya ce, “Kai da ka yi lakwal, yaushe kayan nan za su iso?” Idan saƙon ya ce “Monday at the earliest”, amsar da ta dace ita ce, “Baba, kafin Litinin dai babu su, bayan nan sai abin da Allah ya yi.” In yaron ya ce “Litinin suna nan”, Alhaji zai yi wa masu sari alkawarin da ba shi da ikon cikawa. Akwai kuma “at your earliest convenience” a wasiƙun ofis. Ladabi ne kawai aka lulluɓe gaggawa da shi, ma'anarsa ka yi maza.

Later da earlier suna da wani tarko na daban: daga ina ake fara ƙirga? Idan daga yanzu ne, gaba “in” ake cewa, baya “ago”: “in two days”, nan da kwana biyu, “two days ago”, kwana biyu da suka wuce. Idan kuwa labari kake bayarwa, ƙirgen ya tashi daga wata rana a cikin labarin, sai later da earlier: “two days later”, bayan kwana biyu da faruwar haka, “two days earlier”, kwana biyu kafin nan. Saboda haka “I will call you two days later” na barin mai sauraro yana tambayar bayan me. Hausa ta raba “nan da” da “bayan”, Faransanci ma ya raba dans deux jours da deux jours plus tard, to a nan ba mu da uzuri.

Early da soon su ma ba ɗaya ba ne, ko da yake a sigar fifiko sukan kusanci juna. Early da wuri ce, ana auna ta da lokacin da aka saba ko aka tsayar: sammako, farkon damina, isowa kafin a buɗe ofis. Soon nan ba da jimawa ba ce, ana auna ta daga yanzu ko daga wani abu da ya faru. Ƴan Faransanci su tuna tôt da bientôt. Motar Yamai da ke tashi da asuba “leaves early”. Wadda direbanta ya riga ya tada inji, ko da tsakar rana ne, “leaves soon”. Sooner na zaune a cikin wasu maganganu da sai dai a haddace su ɗungurungum: sooner or later, ko ba daɗe ko ba jima, the sooner the better, gwargwadon saurinsa gwargwadon kyansa. Mai wuyar ita ce no sooner, wadda malamai ke son sakawa a darasin sauya jimla: “No sooner had he arrived than the rain started.” Isowarsa ke da wuya sai ruwa ya sauko. Abu biyu ake dubawa. Had na riga mai aikin zuwa, kamar a tambaya, sannan than ke biyo baya, ba when ba, tunda sooner sigar fifiko ce. When ta hardly ce: “Hardly had he arrived when the rain started.” Soonest kuwa, irin ta “reply soonest” da ake gani a wasiƙun maƙwabtanmu, ragowar salon waya ce ta zamanin tangaraho, lokacin da ake biyan kuɗi kan kowace kalma. Ana gane ta, amma ba zan sa ta a takardar neman aiki ba.

Wani abin da ke ba ni sha'awa: “I would sooner walk” ba ta nufin zan riga tafiya, tana nufin gara in taka da ƙafa. Rather ma, wadda kowa ya sani da ma'anar gara ko gwamma, asalinta sigar fifiko ce ta wata tsohuwar kalma, rathe, mai nufin da wuri, wadda ta ɓace ta bar ɗiyarta. Faransanci ya bi wannan hanyar sak, domin plutôt daga plus tôt ta fito. Abin da mutum ya fi so shi yake fara miƙa wa hannu, shi ya sa harsunan biyu suka ari lokaci suka auna zaɓi.

Old ma tana da tsoho da sabon zubi: elder, eldest da older, oldest. Older na shiga ko'ina, mutum ko gini ko mota. Elder ta tsaya a cikin gida, a gaban suna: my elder brother, wana ko yayana, the eldest son, babban ɗa. Ba ta tafiya da than, ba a cewa “he is elder than me”. Ya girme ni da shekara uku shi ne “he is three years older than me”. Auta kuwa the youngest ne, ba the smallest ba, ko da Faransancin gida na cewa le petit. Masu zirga-zirga ta Matamaye da Magarya kan dawo da “my senior brother”, har da “he seniors me”. Ingilishin Najeriya ne, yana da gidansa da mutuncinsa, kuma duk mai jin Hausa zai ga “ya girme ni” kwance a ƙarƙashin na biyun, kamar yadda “pass” ta Pidgin, a “e long pass”, ke aikin “fi” ɗinmu. A kasuwar Kwari ta Kano ba wanda zai gyara maka. A takardar jarrabawa kuwa jan biro zai hau. Senior, junior da prior daga Latin suka zo da fifikonsu a jiki, don haka “to” suke bi, ba than ba: senior to me, prior to 2011.

Saura next, wadda mutane da yawa ba su san sigar ƙoli ba ce. A da can jerin nigh, near, next ne: kusa, mafi kusa a biyu, mafi kusa duka. Near ta ƙwace gurbin uwa, aka sake yi mata nearer da nearest, sai next ta koma jeri da lokaci, nearest ta riƙe tazara. The nearest pharmacy ita ce wadda ta fi kusa da inda kake tsaye, the next pharmacy ita ce wadda za ka tarar a gaba in ka ci gaba da tafiya. First ma sigar ƙoli ce, ƴar ɗakin fore da former, shi ya sa ba a cewa “most first”, kamar yadda ba a cewa “most last”.

Da next da last, ƙaramar kalmar nan the na sauya lissafi. Next week mako mai zuwa ne daga yau, the next week makon da ya biyo bayan wanda ake labari. Last month watan jiya ne, the last month kuwa ko dai kwana talatin ɗin da suka ƙare yau, ko watan ƙarshe na wani abu, kamar the last month of the year. Mu da muka saba da la semaine dernière da l'année prochaine hannunmu kan kai ga the da kansa, sai a ji “I travelled the last week”, wadda ba ta zauna ba. “I travelled last week” ake cewa, babu “the”, babu “in”. Hausa a nan ta fi Ingilishi arziki nesa ba kusa ba: jiya, shekaranjiya, gobe, jibi, gata, citta, bara, bana, baɗi, kowace kalma guda. Ingilishi sai ya yi doguwar magana, the day after tomorrow, kafin ya kai jibi, kuma wannan giɓin ne ƴan Najeriya suka cike da “next tomorrow”, wadda ɗan Landan zai tsaya yana kallonka in ka faɗa.

“Next Friday” kuwa har masu harshen ba su daidaita a kanta ba. In yau Talata ce, wani zai ɗauka Juma'ar nan mai zuwa bayan kwana uku, tunda ita ce ke biye. Wani zai ce waccan this Friday ce, next Friday ta makon gaba ce, wadda mu muke kira Juma'a ta sama. Ƴan Ingila ma kan ce “Friday week” don su fitar da ta saman. In magana ta kuɗi ce, ko ta jirgi, ko ta rufe karɓar takardu, rubuta kwanan wata, kuma ka rubuta sunan watan da haruffa, domin 5/6 a hannun ɗan Ingila 5 ga Yuni ne kamar yadda muka saba a nan, a hannun ɗan Amurka kuwa 6 ga Mayu.